Ba basir ba ne: ciwon mata da ke kama hanji, da zaɓi tsakanin ƙwaya da wuƙa

Shekara shida muna ɗirka wa ƙanwata maganin basir. Shida cur. Duk wata in al'adarta ta matso sai cikinta ya kumbura kamar mai cikin wata huɗu, in ta ɗauki buta ta shiga makewayi sai mu ji shirun ya yi yawa, can ta fito tana dafa bango gumi har ƙeya ta ce Yaya wallahi kamar fasasshiyar kwalba ake tura min. Inna ta ce basir ne na ciki, gado ne, haka babanku ya yi fama. Aka jiƙa sassaƙe, aka sayo na masu lasifika ranar Alhamis a kasuwar Dole, ta sha Flagyl har bakinta ya koma ɗanɗanon ƙarfe don wani ya ce atuni ne, wani kuma ya ce taifot, da ta yi aure sai labari ya koma sanyi ne. A duk tsawon lokacin nan ba wanda ya taɓa tambayarta ko ciwon bayan gidan nan yana bin kwanan wata. Ranar da wata likitar mata ta yi mata wannan tambayar, ranar muka fara jin sunan abin, andometiriyoz. In Kano kika je za ki ji suna cewa endometiriyosis, duk abu guda ne.

Ni ba lokotoro ba ce, ƴar rakiya ce kawai da ta gaji da gyaɗa kai a gaban likita ba ta gane komai ba, sai na zauna na yi ta karatu da tambaya. Abin da na fahimta shi zan faɗa, kuma ba zai zama madadin zuwa asibiti ba.

A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da jiki ke yi duk wata yana jiran ciki, in ciki bai shiga ba sai ta zube, ita ce jinin al'ada. To a wannan cutar wani nama mai kama da shimfiɗar nan ne ke tsirowa a wajen mahaifa, a kan gidan ƙwai, a bayan mahaifa, a kan mafitsara, a kan hanji. Kuma yana jin kiran sinadarin nan na jikin mace da ake ce wa istirojin kamar yadda na cikin mahaifa ke ji, wata na zagayowa shi ma ya kumbura ya yi jini, amma shi ba shi da ƙofar fita. Sai wurin ya yi ta ƙuna yana warkewa, wata bayan wata, har ya zama tabo, kayan ciki su manne da juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa na da ita, wajen mata miliyan 190 kenan a duniya. Tun 1927 wani likitan Amurka, John Sampson, ya kawo bayanin cewa jinin al'ada ne ke komawa da baya ta bututun mahaifa ya zuba cikin ciki, sai dai daga baya an gano yawancin mata jinin nasu yana ɗan komawa haka kuma ba su kamuwa, don haka akwai hannun gado da na garkuwar jiki a ciki.

Me ya kai ta hanji? Maƙwabtaka ce. Tsakanin bayan mahaifa da ƙarshen babban hanji akwai wani ɗan lungu da likitoci ke kira da sunan Douglas, shi ne wuri mafi gangare a cikin cikin mace in tana tsaye, duk abin da ya zubo can yake taruwa kamar yadda ruwan damina ke neman tafki. Ƙarshen hanjin kuma a jingine yake da wurin. Cikin masu cutar, tsakanin 5 zuwa 12 cikin 100 ne take kama musu hanji, kuma kusan 9 cikin 10 na waɗannan a ƙarshen babban hanji ne, ko dai sashen da ke sauka dubura ko lanƙwasar da ke samansa. Sauran ƴan kaɗan a afendis ko ƙarshen ƙaramin hanji.

Akwai abu biyu da in ba a riƙe su ba duk sauran bayanin ba zai zauna ba. Na farko, cutar daga waje take cin hanji tana shiga ciki. Duk wadda ta taɓa wanke kayan ciki ranar layya ta san hanji ba fata ɗaya ba ce, akwai santsin waje, akwai tsoka a tsakiya, akwai laushin ciki. Ita wannan tana farawa daga santsin waje ta nutse cikin tsoka, da wuya ta huda har laushin ciki. Shi ya sa za a iya zura kamara ta dubura a duba a ce hanjinki lafiya lau, alhali ƙullutun da cutar ta yi yana nan maƙale ta baya. Shi ya sa kuma mata da yawa ba su ganin jini a bayan gida ko kaɗan, sai dai azabar yunƙuri, ko cushewar ciki wannan satin gudawa wancan satin, da kumburi, da zafi can ciki lokacin kwanciyar aure. Na biyu, ƙullutun nan yawancinsa tabo ne da tsoka da ta yi tauri, ainihin naman da ke jin kiran sinadari kaɗan ne a cikinsa. Wannan shi ke raba aikin ƙwaya da aikin wuƙa.

Kafin magani sai an gani. Eko ɗin da aka saba yi ta kan ciki, wanda ake shafa man nan mai sanyi, sau da yawa ba ya nuna na hanji, mu sau uku ana ba mu takarda an rubuta komai normal. Wanda ke nunawa shi ne eko ta farji a hannun wanda ya koyi neman wannan cutar musamman, yana ɗan tura mahaifa ya ga ko tana zamewa a kan hanji ko ta manne, sai kuma hoton IRM, wato wanda ake shigar da mutum cikin babbar na'ura mai maganaɗisu, a Najeriya MRI. Budurwa ana iya yi mata ta dubura ko a tafi IRM kai tsaye. A da sai an yi aiki an leƙa da kamara kafin a tabbatar, amma ƙa'idar da ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, ESHRE, ta fitar a 2022 ta ce hoto mai kyau ya isa a fara magani, kuma hoton da bai nuna komai ba ba ya nufin babu cutar. Sannan a ce wa mai eko ya duba ƙoda, don ƙullutun kan shaƙe bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda shiru ba ciwo, har ƙodar ta lalace ba a sani ba. Kuma fa kar a ce duk jinin bayan gida wannan ce, a ƙasarmu atuni gaskiya ne, tsargiyar hanji gaskiya ce, basir ɗin ma akwai shi, ga tarin fuka na ciki ga kansar hanji, dole likita ya tankaɗe su.

To maganin sinadari. Dabararsa ɗaya ce duk da sunayen suna da yawa: a kwantar da gidan ƙwai, a hana al'ada zuwa ko a rage ta sosai, naman nan ya rasa mai kiransa ya yi barci. Mafi sauƙi ita ce ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, amma a sha ta a jere ba hutun sati ɗayan nan, ana gama masu aiki a buɗe sabon kati. Sai dangin furojestin zalla, wato ɗaya daga cikin sinadaran biyun nan shi kaɗai ba istirojin, kuma su likitoci suka fi so ga mai ƙullutu mai zurfi: akwai dienogest miligiram 2 kullum, wanda aka fi sani da Visanne, akwai norethisterone wadda tsohuwa ce kuma ta fi arha, akwai allurar wata uku, Depo-Provera ko Sayana Press wadda Nijar na cikin ƙasashe huɗun Afirka da aka fara gwada rabonta a 2014, akwai na dantse da ake kira ashana, akwai siterile mai sinadari irin Mirena da ake sawa cikin mahaifa ya yi shekaru yana aiki.

In waɗannan sun gaza sai a hau mataki na sama, allurai masu kashe wutar gidan ƙwai gaba ɗaya, irin Decapeptyl, Enantone ko Zoladex, duk wata ko duk wata uku. Su suna jefa mace cikin halin wadda al'ada ta ɗauke mata don tsufa, na ɗan lokaci. Ciwo kam yana kwantawa, amma ga zafi na taso mata daga ƙirji zuwa fuska, ga gumin dare, ga bushewar gaba, ga rashin barci, ki haɗa wannan da zafin Afrilun Damagaram an ɗauke wuta ki gani. Mafi muni suna cin ƙashi, shi ya sa ba a wuce wata 6 da su sai an haɗa da ɗan sinadarin da ake mayarwa don kare ƙashin. Akwai sababbi na haɗiya masu irin wannan aikin, elagolix da Amurka ta amince da shi a 2018, da relugolix da aka haɗe shi da sinadarin kariyar a ƙwaya ɗaya, sai dai tsada. Danazol kuma na da ne, yana sa gashin fuska da kaurin murya, muryar ma wani lokaci ba ta komawa, yanzu an ja baya da shi.

Yana aiki? Yana yi fiye da yadda mutane ke zato. Likitocin Milan na ƙasar Italiya ƙarƙashin Paolo Vercellini, waɗanda suka daɗe suna cewa a daina gaggawar yanka, sun tattara binciken da aka yi suka ga kusan mata biyu cikin uku masu cutar a hanji suna samun sauƙin da ya gamsar da su da maganin sinadari kaɗai, matuƙar hanjin bai shaƙe sosai ba. Amma ku tuna maganar tabo. Ƙwaya tana kwantar da ƙuna da kumburi, ƙullutun na iya ɗan raguwa, amma tabon da ya riga ya yi tauri ba ya narkewa. Ranar da aka daina sha al'ada ta dawo, ciwon ma yana hanya. Wato ba irin maganin zazzaɓi ba ne na kwana uku, irin na hawan jini ne, ana tafiya da shi shekaru, kuma ana komawa eko lokaci lokaci don a wasu ƴan kaɗan ƙullutun kan ci gaba da girma duk da ana shan maganin.

Kowanne kuma da nasa sharaɗi. Mai hawan jini, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai ciwon ɓarin kai irin wanda ke zuwa da walƙiya a ido, ba a ba ta mai sinadari biyu. Allurar wata uku tana rage ƙarfin ƙashi in an daɗe, kuma bayan an daina haihuwa kan yi jinkirin dawowa har kusan shekara. Furojestin na iya sa ƙiba, ciwon kai, ɓacin rai ba dalili. Sai kuma wanda ba a rubuta shi da manyan baƙi a takardar magani ba amma shi ya fi sa matanmu ajiye shi: ɗigon jini. Watannin farko jini kan yi ta ɓullowa kaɗan kaɗan ba tsari, ƙanwata ta kira ni da asuba tana kuka ta ce Yaya yau kwana 19 ban san ko ina da tsarki ko babu ba, in yi salla ko in bari? Ga miji na tambaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mace musulma, kuma likitan da bai faɗa miki tun farko cewa hakan zai faru kuma yakan lafa bayan wata uku zuwa shida ba, ya bar ki a rana. Hukuncin jinin cuta sananne ne a fiƙihu, a tambayi malama a huta, kar a yar da magani saboda shi.

Abin da ya fi ba ni haushi kuma ya fi ba ni mamaki shi ne, rabin magungunan nan suna nan jibge a ɗakin tsarin iyali na CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, kuma tun 2006 a hukumance kyauta ne a Nijar. Maganin da matan Turai ke sha don wannan cutar yana bayan gidanmu. Amma je ki faɗa wa uwar miji cewa amaryar da ta shekara huɗu ba ko ɓari an ɗora ta kan maganin hana haihuwa. Tamu cewa ta yi, “Yanzu fisabilillahi yarinyar da muke roƙa wa Allah ita za a ba ƙwayar hutu, hutun me?” Kuma ba za ki ce ba ta da hujja ba sam, don gaskiyar ita ce yawancin magungunan nan suna hana ɗaukar ciki muddin ana shan su, kuma ba sa ƙara damar haihuwa bayan an daina. Mai neman ciki yanzu yanzu, ƙwaya ba hanyarta ba ce.

A nan ne nake ganin cutar ta fi zaluntar macen ƙasar nan. An daɗe ana cewa ciwon turawa ne da matan boko masu jinkirin aure, kuma na gane inda zancen ya samo asali: macen da ta yi aure da wuri, ta haihu bakwai, kowane ta shayar kusan shekara biyu, al'adar da za ta gani a rayuwarta kaɗan ce, cutar ba ta samun fili. Amma wadda cutar ta riga ta toshe wa bututu ko ta manne mata gidan ƙwai fa? Ita ba ciki ba goyo, al'ada duk wata ba fashi, ciwo na ƙaruwa, a kira ta juya, a yi mata kishiya, in ta ce kwanciya na mata zafi a ce ƙin miji ne ko aljani ya aure ta. A cikin matan da ke fama da rashin haihuwa ana samun cutar a kashi 25 har zuwa 50 cikin 100. Masu cewa yi aure zai wuce ko haihu zai wuce, ciki yana kwantar da ita ne na watannin da babu al'ada, ba ya warkar da ita.

Sai wuƙa. Ana zuwa ga aiki in hanji ya ƙuntace har bayan gida na neman gagara, ko an sha magani yadda ya kamata wata da watanni ciwo bai saurara ba, ko jiki ya ƙi maganin, ko bututun ƙoda ya shaƙe, ko kuma mace na neman ciki kuma azabar ba za ta bari ta zauna ba magani ba. An fi son a yi shi ta seliyoskopi, a Najeriya laparoskopi, wato ƴan ƙananan huji uku ko huɗu a ciki, a hura iska, a shiga da kamara, don ana ganin lungun nan da kyau kuma an fi saurin tashi.

Likitan da ya yi mana bayani a Yamai juya takardar ordonans ya yi ya zana tiyo a bayanta, ya ɗiga baƙin tabo a gefe, ya ce wa ƙanwata, “Madam, hanya uku ce, kuma ba ni ke zaɓa ba, girman wannan ne ke zaɓa.” Ta farko aski: a kankare ƙullutun daga jikin hanji ba tare da an buɗe cikinsa ba, kamar yadda ake fere ɓawon rogo. Ita ta fi sauƙin haɗari, amma ana iya barin saura, don haka ta fi yiwuwar dawowa. Ta biyu faci, ni na sa mata wannan sunan don da ya zana sai na tuna mai facin taya na bakin tasha: a yanke wurin da ya lalace a zagaye kamar faifai, har cikin hanjin, a ɗinke ramin ko a matse shi da wata na'ura mai ƙusoshi. Ana yin ta in ƙullutun ɗaya ne, bai wuce kamar santimita 3 ba, kuma bai ci rabin zagayen hanjin ba. Ta uku yanke gaɓa: a cire guntun hanjin gaba ɗaya kamar an cire gaɓar rake, a jawo bakin sama da na ƙasa a haɗa. Ita ake yi in ƙullutun babba ne, ko suna da yawa a jere, ko ya zagaye hanjin ya shaƙe shi.

Shekaru likitoci na gardama tsakanin masu cewa a cire duka a huta da masu cewa a taɓa kaɗan. A Faransa Horace Roman, lokacin yana Rouen, ya yi gwajin da ake kira ENDORE, mata 60 masu babban ƙullutu a ƙarshen hanji aka raba su ta ƙuri'a, wasu aski ko faci wasu yanke gaɓa, sakamakon ya fito a 2018. Bayan shekara biyu ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba wajen yadda hanji da mafitsara ke aiki, sai dai waɗanda aka yanke wa gaɓa sun fi samun ƙuncewar wurin haɗin. Mata 60 ba yawa ba ne, amma darasin da na ɗauka shi ne babban yanka ba shi ne babban magani ba, ƙaramin ma ba kullum ya fi ba.

Haɗarin kuma sai an faɗe shi ƙiri ƙiri. Ɗinkin hanji na iya zuba a kwanakin farko, ƙazanta ta shiga cikin ciki, wannan komawa ɗakin aiki ne cikin gaggawa. In ƙullutun na ƙasa sosai kuma ya ci bangon farji har sai an yanke nan ma, ɗinki biyu na jingine da juna, hanya na iya buɗewa tsakaninsu bayan gida ya riƙa fitowa ta gaba. Mu a Damagaram ba sai an yi mana fassarar yoyo ba, mun san matan da naƙuda ta bari da shi, mun san yadda ake gudunsu. Kaɗan ne cikin ɗari ke samun wannan a hannun gwanaye, amma yana faruwa, kuma don kauce masa ne wani lokaci ake fito da hanji ta gefen ciki a manna leda na wata biyu ko uku kafin ɗinkin ya kama a mayar. Dole a faɗa wa mace wannan kafin a sa mata barci, ba ta farka ta tarar da leda ba, ga tunanin alwala ga inda za a sayi ledojin. Sannan jijiyoyin da ke ba mafitsara umarni suna bi ta gefen wurin, in an taɓa su mace kan kasa fitsari da kanta sai da roba na makonni, wasu fiye. Wasu kuma bayan an yanke ƙarshen hanji sai su koma shiga makewayi sau da yawa a rana, ko ba su iya riƙewa sosai.

Shi ya sa tambayar wane ne zai yi aikin ta fi tambayar wane aiki za a yi nauyi. Wannan ba sizariyan ba ce ba kuma afendis ba. Ana son likitan mata da likitan hanji a tsaye tare, wani lokaci da na mafitsara, waɗanda hannunsu ya saba da wannan aikin musamman, kuma aikin farko shi ne mai daraja don kowane buɗewa sabon tabo yake bari, na biyu ya fi na farko wuya. Ba rashin kunya ba ne ki ce lokotoro, sau nawa ka yi irinsa, kuma in ɗinki ya zuba cikin dare wa zai buɗe ni? Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan tambayar. In amsar ba ta kwanta miki ba kuma hanjin bai toshe ba, zama kan ƙwaya a tara kuɗin tafiya ya fi, ko da Yamai ce mai kusan kilomita 900, ko Kano, ko waje ga mai hali.

Wasu na cewa a cire mahaifar kawai a huta. In an cire mahaifa an bar ƙullutun a kan hanji, ciwon bayan gida na nan inda yake, don ba a mahaifar yake zaune ba. Cire gidajen ƙwai kuma ga yarinya ƴar shekara 28 tsufan dole ne, da ciwon ƙashi da na zuciya a gaba. Ko ƙurjin nan mai jini baƙi kamar cakulan da cutar ke yi a gidan ƙwai, yanke shi na rage ƙwan da ya rage wa mace, don haka mai neman haihuwa a yi lissafi kafin a taɓa. Wasu aikin na buɗe musu hanya su ɗauki ciki da kansu, wasu sai an haɗa ƙwai a waje an dasa, kuma ana iya zuwa dashen kai tsaye ba a taɓa hanjin ba in ciwon da sauƙi.

Bayan aiki ma ƙwaya ba ta sallame ki ba. In ba ciki ake nema nan take ba, ana so a koma kan maganin sinadari aƙalla wata 18 zuwa 24, da yawa har sai sun tashi neman ciki ko al'ada ta ɗauke, don muddin wata na zagayowa cutar na iya sabon tsiro. Maganin ciwo irin ibuprofen ko diclofenac yana taimakawa in an fara shi kwana ɗaya kafin jini, da abinci a ciki, ba a yi ta zuba shi kan yunwa har ulsa ta samu ba, tramol na ƴan tire kuwa ƙara wa kai wata cutar ne. Ruwa da yawa, miyar kuka da kuɓewa, zogale, duk abin da zai sa bayan gida ya yi laushi yana rage azabar yunƙuri ko da ba ya taɓa ƙullutun. Alama ɗaya ce ba a jira da ita: ciki ya kumbura tam, amai, ba bayan gida ba ko tusa. Wannan hanji ya toshe kenan, a nufi irjans na babban asibiti ko ƙarfe nawa ne, ba jiƙo ba tofi a tsaya jira.

Ita ƙanwata nata santimita 2 da ɗoriya ne, hanjin bai ƙuntace ba. Mijinta, Allah ya saka masa, shi ya zauna da mahaifiyarsa ya ce Hajiya a bar ta ta samu lafiya tukuna, shekara ɗaya muka roƙa. Wata tara kenan tana kan ƙwaya, ɗigon ya tsaya a wata na huɗu, ta yi azumin bana cikakke karo na farko tun tana lakwal, ta ƙara kilo biyar tana ta mita. Tana da ɗan littafi da take rubuta kwanan wata da yadda ta kwana da yadda makewayi ya kasance, shi take miƙa wa likita kafin ta ce komai. Randebu na gaba bayan babbar salla ne, a nan za a sake auna ƙullutun a yanke shawara ko ta ajiye ƙwayar su gwada neman ciki wata shida haka nan, ko a fara yin facin. Ita ta fi karkata ga gwadawa, ni kuma ledar nan ce ke hana ni barci, mun dai fara zubin adashi.